Gishiri ko Ginshiƙi? Matsayin fa, dai, kuwa, kuma, ma da kam a Nahawun Hausar Damagaram

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙananan kalmomi shida da aka saba kira gishirin Hausa, wato fa, dai, kuwa, kuma, ma da kam, kamar yadda suke fitowa a bakin mutanen Damagaram. Ta nuna cewa suna da gurabe tsayayyu a cikin jumla, suna da wuraren da aka hana su shiga, kuma suna da hannu wajen rarrabe shimfiɗar batu da warewa. Ta fuskar ma'ana, aikinsu shi ne daidaita abin da mai magana ya ɗauki nauyinsa da abin da yake zaton mai sauraro ya riga ya sani. Daga ƙarshe an taɓo abin da ke samun su idan Hausa ta gamu da Faransanci, a baki da a takarda.

Gabatarwa



Duk wanda ya yi karatun zaure a unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram ya fara nahawu da Ajuruma, littafin Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323. A darasin farko ake raba masa magana kashi uku: suna, fi'ili, da harafi mai ma'ana. Malaman Larabci ba su raina kashi na ukun nan ba. Ibn Hisham, wanda ya rasu a 1360, ya ba shi babban kaso na Mugnil Labib, yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa da muka zo rubuta nahawun Hausa, sai muka ba suna da aikatau babi-babi, ƙananan kalmomin muka tara su a lungu, muka ce gishiri ne. Sunan yana da daɗi, shi ya sa ya bi bakin mutane, har Constanze Schmaling ta sa shi a taken littafin da ta wallafa da Jamusanci a 1991 a kan waɗannan kalmomi. Ba mamaki Bajamushiya ce ta ba su littafi sukutum, domin harshenta cike yake da irinsu. Paul Newman a babban nahawunsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 duk sun lissafa su shida ɗin nan, sun bayyana su. Ƙorafina da sunan shi ne abin da yake sa ɗalibi ya ɗauka: cewa barbaɗa su ake yi, inda aka ga dama, yadda aka ga dama, in an bar su ma miya tana nan miyarta.

Akwai dalilin da ya sa ya dace a tayar da zancen nan a Damagaram. Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, haifaffen Dambanas ne, kusa da Kance. Daga bakinsa James Frederick Schön ya samo mafi yawan Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da littafin Magana Hausa na 1885. Ke nan wani babban yanki na Hausar farko da aka rubuta da boko daga ƙasar nan ya fito. Misalan da ke cikin wannan takarda nawa ne, na tsara su bisa maganar da na tashi ina ji, ina yi. Tauraro (*) a gaban jumla yana nufin kunnena bai karɓe ta ba. Duk wanda nasa kunnen ya karɓa, ina roƙo ya faɗa a lokacin tambayoyi.

Ciniki a Kasuwar Dole

Bari mu fara da irin abin da ake ji kullum a layin ƴan atamfa.

— Alhaji, nawa turmin nan?
— Jika goma sha biyu, Hajiya.
— Haba Alhaji. Jika takwas dai.
— Albarka. Wannan fa ba irin na bara ba ne.
— Na bara ma haka ka ce.
— Ƙasa da jika goma kam ba ya fita.
— Haka kuwa? To bari in duba gaba.
— Dawo mana. Kawo tara, ke dai kin iya ciniki.

A cire ƙananan kalmomin a sake karantawa. "Jika takwas" taya ce kawai, ana iya ƙarawa. "Jika takwas dai" ta ja layi a ƙasa, tana cewa iyakata ke nan, amma cikin lallashi. "Wannan ba irin na bara ba ne" labari ne. Da fa ya koma tunatarwa, kamar ya ce Hajiya kin manta da wani abu. "Na bara haka ka ce" ba ta ma zauna daidai ba, domin ma ce ke ɗaure bara da bana ta mai da jumlar zargi. Farashi bai sauya ba a duk wannan, turmi yana nan turminsa, amma cinikin ya ɓace. Abin da ya rage jerin lambobi ne.

Inda suke shiga da inda aka hana su

Abu na farko: ban da kuma, babu ɗayansu da ke buɗe jumla.

(1) a. Audu fa ya sayi rago.
b. Audu ya fa sayi rago.
c. Audu ya sayi rago fa.
d. *Fa Audu ya sayi rago.

Haka yake ga dai, kuwa, ma da kam. Dole su sami abin da za su jingina a bayansa. Nan suka rabu da wani rukuni na ƙananan kalmomi, su ai, ashe, wai da to, waɗanda gurbinsu na asali shi ne bakin jumla. Kalmar kuma ta sha bamban domin tana da rigar mahaɗi ban da ta gishiri, shi ya sa "Kuma ban gan shi ba" take tafiya lafiya.

Misali na (1b) ya cancanci a tsaya a kansa. Tsakanin zagin aikatau da aikatau wuri ne mai tsauri a Hausa. Bayanau ba ya shiga nan: ba a cewa *"ya jiya sayi rago". Amma ana cewa ya dai sayi, ya ma sayi, ya kuwa sayi. Kalmar da ta sami izinin shiga ɗakin da aka hana bayanau, ba za a ce ba ta da muƙami a gidan ba.

Abu na biyu: ba sa raba aikatau da wakilin suna karɓau, kuma ba sa raba nasaba da abin da ta ɗaure.

(2) a. Ya saye shi fa.
b. *Ya saye fa shi.
(3) a. Gidan sarki dai muka nufa.
b. *Gidan dai sarki muka nufa.

Abu na uku ya fi ban sha'awa, kuma Sharon Inkelas ce ta fito da shi fili a 1988, a nazarinta na fa. Tsakanin aikatau da suna karɓau, fa tana shiga idan karɓau ɗin yana da nauyi, wato ya kai kalma biyu, amma tana tuntuɓe idan kalma ɗaya ce tak.

(4) a. Ya sayi fa ƙaton rago.
b. *Ya sayi fa ragon.

Ta bayyana wannan da cewa fa tana kula da yadda numfashi ke yanka jumla gunduwa-gunduwa, ba ginin jumla kaɗai ba. A lura kuma da siffar aikatau a (4a): sayi ce, wadda ke zuwa gaban suna, ba saya ba. Aikatau yana hango karɓau ɗinsa ta saman fa kamar ba ta nan. Ga ginin jumla ba ta tare hanya, ga tsarin sauti tana da sharaɗi.

Wannan ya tuna mini da wani darasi daga nesa. Harshen Lendu, da ake yi a lardin Ituri na Kwango, yamma da tafkin Albert, ya yi suna da gaɓoɓin da a rubuce ba su da wasali ko ɗaya. An daɗe ana kallon su a matsayin abin al'ajabi, har Constance Kutsch Lojenga ta nuna a 1989 cewa akwai wasali a ƙarƙashinsu da ƙa'idar da ke ɓoye shi. Joseph Greenberg a rabonsa na 1963 ya sa Lendu a babban gida ɗaya da Barbarcin da sarakunan Damagaram suka gada daga Barno, ko da yake zumuncin na nesa ne ƙwarai. Abin da na ɗauko daga can shi ne hanyar aiki. Abin da aka yi wa laƙabin "ba shi da ƙa'ida" sau da yawa ba a zauna an jera misalansa ba ne.

Shimfiɗar batu da warewa

A ganina nan ne aikinsu na nahawu ya fi fitowa. Hausa tana da hanya biyu ta kawo yankin suna gaban jumla. Ta farko warewa ce: a zaɓi abu ɗaya daga cikin wasu, a sa masa dirka. Ta biyu shimfiɗar batu ce: a ajiye abin da za a yi magana a kansa, sannan a yi maganar.

(5) a. Yara ne suka tafi gona.
b. Yara dai sun tafi gona.
(6) a. Hadiza ce take dakan.
b. Hadiza kam tana dakan.
(7) a. Wasiƙar ce na karanta.
b. Wasiƙar fa na karanta ta.

A jumlolin (a) dirka ta jawo suka da take. A jumlolin (b) sun da tana suna nan yadda suke, sannan a (7b) wakilin suna ta ya dawo ya tsaya a gurbin wasiƙar. Ana iya shimfiɗa batu da ɗan dakatawa kawai, ba tare da wata kalma ba, amma a magana mai gudu ƙaramar kalmar ce ke gaya wa kunne cewa shimfiɗa ake yi. Idan kuwa aka haɗa su biyun, dirka ce ke mulki, gishirin ya bi bayanta: "Yara ne fa suka tafi."

Mai koyar da baƙo Hausa, ko mai koyar da yaro rubutu a lakwal, zai sami sauƙi idan ya jera (a) da (b) gefe da gefe a allo. Na gwada, kuma ɗalibai sun fi saurin gane bambancin sun da suka ta wannan hanya fiye da haddar sunayen lokuta.

Ma'ana: kowa da nauyin da ya ɗauka

Dai ce ta fi wahalar kamawa, don haka zan daɗe a kanta. Ƙamusoshi, tun daga na Bargery na 1934, sukan jera mata ma'anoni da yawa. Ga wasu wuraren da take fitowa:

(8) a. Ruwa dai nake so.
b. Ka dai yi haƙuri.
c. Na dai ji ana faɗa.
d. Yana nan dai yadda kika bar shi.
e. Lafiya dai?

A (8a) taƙaitawa ce, a (8b) lallashi, a (8c) kaffa-kaffa, a (8d) ɗorewa, a (8e) damuwa. Ina ganin zare ɗaya ne ya ratsa su duka. Mai magana yana kewaye ɗan fili da dai, yana cewa wannan kaɗai na ɗauka, sauran ban shiga ba. Mai neman ruwa ya bar fura da shayi. Mai ba da haƙuri ya bar batun wa ke da gaskiya. Wanda ya ji ana faɗa ya ƙi rantsuwa a kan labarin. Ko a (8e), uwar da ɗanta ya shigo mata da tsakar rana, lokacin da ya kamata yana wurin aiki, ta ce "Lafiya dai?", ta ajiye duk wata tambaya ne, tana neman amsar guda ɗaya kafin sauran. Da gaisuwa ce kawai da "Lafiya?" ta isa. Wannan zaren ne kuma ya haifi sai dai da ko dai: ta farko tana yanke togaciya ɗaya daga magana, ta biyu tana ƙuntata zaɓi.

Fa tana fuskantar mai sauraro ne kai tsaye. Tana ɗauka cewa akwai abin da ya sani ko ya kamata ya sani, amma ya yi sakaci da shi. "Hadari ya taso" rahoto ne. "Hadari fa ya taso" umurni ne a ɓoye: kwashe shanya. Shi ya sa yaro ba ya yawan jefa wa babba fa sai ya rufa mata da ladabi. Bafade zai ce "Ranka ya daɗe, rana fa ta yi", ya tsaya nan, domin fa ta riga ta faɗi sauran. Akwai kuma wata fa ta tambaya, mai karin sauti ƙasa, a "Kai fa?" ko "Kuɗin fa?". Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, sai alamar tambaya ta raba su.

Kuwa tana da fuska biyu. A bayan zagin aikatau ko a ƙarshen jumla tana tabbatar da abin da aka yi tsammani: "Ya ce zai zo, ya kuwa zo." A tambaya tana tono shakka: "Ka ci abinci kuwa?" A bayan yankin suna ko bayanau kuwa, kamar yadda na yi yanzun nan, tana juya akalar labari daga wani batu zuwa takwaransa. Mai ba da tarihi ba ya rabuwa da ita: "Sarki Tanimu ya ƙarfafa ganuwa, ya tara bindigogi, Amadu Kuran Daga kuwa a zamaninsa Faransawa suka ci garin, a 1899." Ko kuma: "A 1911 nan ce hedkwatar mulkinsu, a 1926 kuwa suka kwashe zuwa Yamai." Gajeriyar siffarta, ko, tana rikita mai karatu, domin "shi ko ya ƙi" da "shi ko ita" rubutu ɗaya suke sanye da shi a takarda.

Kam tana kusa da dai har wasu na ɗaukar su ɗaya, amma akwai rata. "Ni dai ba ni zuwa" mai janye jiki ne, yana neman a ƙyale shi. "Ni kam ba ni zuwa" ya kafa ƙafa, kuma yana nuni da cewa wasu na iya zuwa, matsalarsu ce. Ana haɗa su, "ni dai kam", a sami janyewa da kafewa tare. Jerin yana da tsari: kunnena ya fi karɓar shi ma dai da shi ma fa, ya ƙi *shi fa ma.

Ma ba ta da wuyar fassara, amma gurbinta yana sauya abin da aka ƙara. "Ni ma na ga Sarki": wasu sun gan shi. "Na ga Sarki ma": na ga wasu. "Na ma ga Sarki": na yi wasu abubuwa, har da wannan. A korewa ta zama ko da: "Bai ma zo ba." Kalmar kuma tana da tagwai a cikin aikatau, ga yadda ake raba su:

(9) a. Bai kuma zo ba.
b. Bai kuma zuwa ba.

A (9a) ƙaramar kalma ce, aikatau zo yana nan a siffarsa, ma'anar ita ce ƙari a kan wani laifin, bai zo ba. A (9b) kuma ita ce aikatau, tana ɗaukar zuwa, ma'anar ita ce bai sake zuwa ba.

Ɗan tsokaci a kan rubutu: da ma ta "tun can" da da ma ta buri, kamar a "da ma na sani", kalmomi biyu-biyu ne, ma ɗinmu ce a ciki. Dama ta hannu da dama ta zarafi kalma ɗaya-ɗaya ce. Ana yawan haɗe su duka a allunan talla da saƙonnin waya, mai karatu ya yi ta lalube.

Barbarci, Faransanci da takarda

Damagaram mahaɗa ce. Gidan sarauta daga Barno ya samo asali, Zango kuwa masaukin Buzaye da ayarin Agadas ne. Greenberg ya nuna tun 1960 cewa kalmomi irin su karatu, rubutu da kasuwa ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, ga kuma sarautun Galadima, Ciroma da Kaigama. Duk da wannan cuɗanya, ƙananan kalmomin shida da ake ji a nan su ne ake ji a Kano, Katsina, Maraɗi da Sakkwato. Suna yana tafiya da fatake, waɗannan kuwa suna zaune a gida. Na san akwai masu ganin fa ɗinmu ta yi kama da fa ta Larabci da ke amsa amma. Kamannin gaɓa ɗaya ba ya isa hujjar aro, tun da ta Larabci gaban kalma take maƙalewa, tamu kuwa baya take jingina.

Faransanci ya ba da gwaji mai kyau. Ɗan kabu-kabu ko mushen lakwal yana iya cewa "Bon, mu tafi", "Donk ba ka zuwa ke nan", "Wala, shi ke nan". Waɗannan sun sami wurin zama, amma a bakin jumla, a sahun to da ai. Ban taɓa jin *"ya donk tafi" ko *"ni bon ba ni zuwa" da ma'anar ni kam ba. Gurbin cikin gida a rufe yake ga baƙo, wanda ke nuna cewa rukunin shidan nan rufaffe ne, irin na dirka da nasaba.

Inda ake asara shi ne fassara. Takardun faɗakarwa a kan allurar rigakafi ko tsaftar ruwa galibi da Faransanci ake fara rubuta su, sannan a juya. Mai juyawa yana bin kalma da kalma, kuma tun da babu abin da ya tsaya a gurbin fa ko dai a asalin, ba ya sa su. Kalmar kuma kaɗai ke tsira, ita ma a matsayin mahaɗi, har ta cika shafi. Sai a sami Hausa mai tsabta wadda ba wanda ke yin ta. "Ku tafasa ruwa kafin ku ba yara" daidai ne. Amma ungozomar da ke son a ji ta cewa za ta yi "Ruwan nan fa sai an tafasa shi kafin a ba yara."

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne, kuma nan abin ya fi nauyi. Na taɓa zama a wani zaman sasanta rikicin gona, inda ake juya maganar shaidu zuwa Faransanci don mai rubutawa. Aka tambayi wani dattijo ko ya ga wanda ake ƙara a gonar ranar da aka tuge shuka. Ya yi shiru kaɗan, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Na dai gan shi a bakin gonar." Duk Bahaushen da ke wurin ya ji abin da ya ce: ganinsa na yi, a bakin gona, ban ce ya shiga ba, ban ce shi ya tuge ba. Shaida na biyu, ƙanen mai ƙara, da aka zo kansa cewa ya yi, "Na gan shi kuwa." Tafinta ya juya na farko, ya juya na biyu, kuma a takarda jumla ɗaya ce ta fito sau biyu: je l'ai vu. Da aka karanta wa dattijon abin da aka rubuta, aka mayar masa da Hausa cewa ya ce ya gan shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ɗana. Cewa na yi na dai gan shi."